Yadda malamin jami'a a Birtaniya zai shirya neman lambar yabo ta ƙasa kan koyarwa

Duk shekara, wajajen farkon watan Agusta, hukumar Advance HE ta Birtaniya, mai aikin inganta koyarwa a manyan makarantu, kan fitar da sunayen malaman jami'o'i da kwalejoji da suka samu lambar yabo ta ƙasa saboda iya koyarwa. Sunan shirin National Teaching Fellowship Scheme, a taƙaice NTFS, kuma kimanin mutum 55 ake zaɓa a faɗin ƙasar. An fara shi a shekarar 2000 da mutum 20, ana ba kowannensu fam dubu 50 ya yi aikin inganta koyarwa da shi. Daga baya aka ƙara yawan masu samu, aka rage kuɗin zuwa fam dubu 10, yanzu kuwa babu ko kwabo. Abin da ya rage shi ne sunan, da shiga ƙungiyar waɗanda suka taɓa samun lambar, da nauyin da take da shi a gaban kwamitin ƙarin girma, musamman ga mai neman kujerar farfesa ta hanyar koyarwa maimakon bincike.

Yawancin waɗanda ke faɗuwa ba rashin iya aji ne ke kayar da su ba. Masu tantancewa ba za su taɓa shiga ajinka ba, ba su san ka ba, kuma ba a yarda su je neman labarinka a wani wuri ba. Abin da ke cikin takardarka kaɗai suke bai wa maki. Saboda haka duk shirin ya ta'allaƙa ne a kan abu ɗaya: ka iya nuna, da hujja a hannu, abin da ya canza ga ɗalibai da abokan aiki sakamakon aikinka.

Kada a haɗa ta da 'yan'uwanta

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai shaidar ƙwarewa da ita ma Advance HE ke bayarwa, mai matakai huɗu daga ƙarami zuwa babba: AFHEA, FHEA, SFHEA da PFHEA. Wannan ba gasa ba ce, duk wanda ya cika sharuɗɗa zai samu, kuma malamin da ke koyarwa a Kano ko Zariya ma yana iya nema. Akwai kuma TEF, tsarin auna ingancin koyarwa, wanda jami'a sukutum ake aunawa a ba ta zinariya, azurfa ko tagulla. Ita NTFS gasa ce ta mutum ɗaya-ɗaya, kuma ta ma'aikatan cibiyoyin Birtaniya ce da ke da rajista da Advance HE. Da farko Ingila da Ireland ta Arewa kaɗai ke ciki, Wales ta shigo a 2011, Scotland kuma a 2018.

Ba sai mai riƙe da alli ba. Ma'aikacin laburare, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, mai horar da malamai, malamin kwalejin da ke koyar da karatun digiri, duk suna iya shiga muddin aikinsu ya shafi karatun ɗalibai a matakin gaba da sakandare.

Mataki na farko: ƙofar tana cikin gida

Ba ka da ikon tura takarda kai tsaye. Jami'arka ce ke gabatar da kai, kuma mutum uku kacal aka yarda kowace cibiya ta gabatar a shekara. A babbar jami'a mai malamai dubbai, wannan gasar ta cikin gida kan fi ta ƙasa zafi.

Kowace cibiya tana da jami'i guda da ke riƙe da wannan harka, ana kiransa Teaching Excellence Awards Lead, TEAL a taƙaice. Galibi yana cibiyar horar da malamai ko ofishin mataimakin shugaban jami'a mai kula da harkokin karatu. Shi ne ke shigar da takardu a shafin Advance HE, shi ne ya san ranar da jami'arku ke rufe nata zaɓen. Ka neme shi da wuri, ka tambaye shi abu uku: yaushe ake karɓar takardun nuna sha'awa, me kwamitin cikin gida ke dubawa, kuma wane ne a cikin waɗanda suka taɓa samun lambar zai iya zama maka jagora. A 'yan shekarun nan ana buɗe karɓar sunaye a ƙasa baki ɗaya wajajen Oktoba, a rufe wajajen Maris, amma jami'o'i da yawa kan gama zaɓen nasu mutanen tun kafin a buɗe. Wanda ya jira sai ya ga sanarwa ya riga ya makara da shekara guda.

Jami'o'i da dama kan fi son wanda ya taɓa cin lambar koyarwa ta cikin gida ko yake da SFHEA. Ba sharaɗin ƙasa ba ne, amma alama ce ga kwamiti cewa mutum ya saba rubuta irin wannan takarda.

Mataki na biyu: tara hujja, kuma a nan ne aikin yake

Wannan mataki kan ci shekara biyu zuwa uku, kuma shi ne ba a iya yi cikin gaggawa. Buɗe jaka guda a kwamfuta tun yau, ka raba ta gida uku bisa ma'aunai ukun da za a yi bayani a gaba. Duk abin da ya shigo, a jefa shi a ranar, da kwanan wata da sunan kwas.

Hujjar farko ita ce alƙaluman ɗalibai: nawa suka yi rajista a kwas, nawa suka ci a zaman farko, nawa suka wuce zuwa aji na gaba, nawa suka bar karatu. Muhimmin abu shi ne ka adana alƙaluman kafin ka kawo canji. Malamai da yawa kan sauya tsarin jarrabawa ko salon darasi, abin ya yi kyau, amma idan aka tambaye su yadda lamarin yake a da, sai a ga babu komai a rubuce, ofishin da ke riƙe da bayanan ma ya sauya manhajar kwamfuta. Adadi ɗaya tilo ba ya nuna komai. A samu na shekara biyu ko uku kafin canji da biyu ko uku bayansa, sannan a kwatanta da matsakaicin sashe ko tsangaya. Idan shekarun sun ratsa 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta sa jami'o'i suka sassauta dokokin jarrabawa, a faɗi haka a fili, domin mai tantancewa ya sani, kuma zai yi shakkar duk wanda ya ɗauki hauhawar makin wannan lokaci a matsayin aikinsa.

Sai ra'ayoyin ɗalibai na ƙarshen kwas. Kada a kawo kason waɗanda suka gamsu ba tare da an faɗi mutum nawa suka amsa ba. Kashi 92 cikin 100 na mutum 12 a ajin ɗalibai 200 ba hujja ba ce. Sakamakon binciken ra'ayin ɗalibai na ƙasa, NSS, wanda ake yi wa 'yan ajin ƙarshe tun 2005, yana da amfani, sai dai yana auna shirin digiri ne gaba ɗaya, ba malami guda ba. In za ka kawo shi, ka nuna igiyar da ta haɗa shi da kai: kai ne shugaban shirin, ko kai ne ka sauya yadda ake mayar wa ɗalibai da gyaran aikinsu, kuma tambayar da ta shafi wannan ce makinta ya tashi.

Rahoton mai duba jarrabawa daga wata jami'a hujja ce mai ƙarfi da ake yawan mantawa da ita, saboda ba ɗan gida ne ya rubuta ba. Haka rahoton abokin aiki da ya zauna a ajinka, da wasiƙun ƙungiyoyin ƙwararru masu amincewa da kwasa-kwasai, da saƙon kamfani ko asibiti da ɗalibanka suka je koyon aiki.

Kalaman ɗalibai kuwa sai an zaɓa. “Malam yana da kirki, darasinsa akwai daɗi” ba ya kawo maki. Wanda ke kawo maki shi ne na ɗalibar da ta ce a da ba ta iya buɗe baki a aji, amma bayan tsarin tattaunawa a ƙananan rukunai ta gabatar da aikinta a gaban ma'aikatan kamfani. Na farko yabo ne, na biyu labarin canji ne. A nemi izinin mai magana kafin a yi amfani da kalamansa, a cire sunan ɗalibi, a bar bayani kamar “ɗaliba 'yar aji uku, 2023”. Dokar kare bayanan mutane a Birtaniya ba abin wasa ba ce.

Hujjar da ta fi wuyar samu ita ce ta abin da wasu suka yi da aikinka. Ka gabatar da jawabi a taro, mutum 60 suka saurara, sai me? Bayan wata shida, aika wa waɗanda suka nuna sha'awa gajeren saƙo: kun gwada? A wane kwas? Ɗalibai nawa? Me kuka gani? Amsa biyu ko uku daga wasu jami'o'i sun fi jerin taruka goma daraja.

Mataki na uku: fahimtar ma'aunai uku

Ma'auni na farko shi ne ƙwarewar mutum shi kansa: yadda ya inganta sakamakon ɗalibai ko sana'ar koyarwa, gwargwadon wurin da yake da damar da wurin ya ba shi. Na biyu shi ne ɗaga darajar koyarwa: yadda ya tallafa wa abokan aiki, ya yi tasiri a wajen da'irar aikinsa na yau da kullum. Na uku shi ne ci gaba da gina kai: abin da ya koya, yadda ya koya, da yadda koyon ya sauya aikinsa.

Nauyinsu ɗaya, kowanne da makinsa. A nan ne mutane ke yin asara, domin sukan zuba duk ƙarfinsu a na farko, su taɓa na biyu, su mayar da na uku jerin kwasa-kwasan horo da suka halarta. Ma'auni na uku ba rajistar halarta ba ne. Ana so a ga zare: ka lura da matsala a ajinka, ka je ka karanta ko ka nemi horo ko ka zauna a ajin wani, ka dawo ka sauya wani abu, ga kuma abin da ya biyo baya ga ɗalibai. Har abin da ka gwada bai yi ba yana da gurbi a nan, in dai ka nuna abin da ka gyara daga baya.

A kowane ma'auni masu tantancewa na neman abu uku: inda aikin ya kai, amfanin da aka samu, da canjin da ya haifar. Inda ya kai ba lallai sai ƙasashen waje ba. Malamin ƙaramar kwaleji da ya kai ga ɗaliban da aka saba bari a baya, masu aiki da rana suna karatu da dare, ko masu buƙata ta musamman, ko waɗanda su ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a, shi ma aikinsa ya kai nesa. Wanda ya yi aiki kan rage tazarar sakamako tsakanin ɗalibai farare da baƙaƙe da 'yan Asiya, matsalar da jami'o'in Birtaniya suka daɗe suna fama da ita, yana da abin faɗa mai nauyi, muddin alƙaluma na hannunsa.

Mataki na huɗu: rubutun

Takardar tana da sassa uku. Akwai bayanin yanayin aiki, kalma 300. Akwai amsar ma'aunai, kalma 1,500 ga kowanne, jimilla 4,500. Sai jerin littattafai da maƙalun da aka ambata. A duba jagorar shekarar da ake ciki kafin a fara, domin akan ɗan taɓa ƙa'idojin.

Ba a ba bayanin yanayin aiki maki, amma da shi ake karanta sauran. A faɗi irin cibiyar, girman ajin, su wane ne ɗaliban, matsayinka, ko cikakken lokaci kake aiki ko rabi, da tsawon shekarun da takardar ta ƙunsa. Idan ka yi hutun haihuwa ko jinya, nan ne wurin faɗa. Kada a ɓarnatar da hujja a nan, domin duk nasarar da aka saka a wannan sashe ta tafi a banza. A sa gajeren bayanin aƙidarka ta koyarwa, jimla biyu ko uku, wadda za ta riƙa dawowa a sauran sassan.

Kafin rubuta ma'aunai, zaɓi misalai uku ko huɗu ga kowanne, ka bi su da zurfi. Kowane misali ya amsa tambayoyi huɗu a jere: mece ce matsalar, me na yi kuma don me, me ya canza, wa ya shaida. Dubi bambancin waɗannan biyu, na ƙirƙira ne don nuni. Na farko: “Na shigo da sabon tsarin gwaji a kwas ɗin lissafi na aji ɗaya, ɗalibai sun ji daɗinsa ƙwarai.” Na biyu: “Kusan ɗaya cikin uku na 'yan aji ɗaya na faɗuwa lissafi, kuma ba sa gane suna da rauni sai ranar jarrabawa. Na raba makin zuwa ƙananan gwaje-gwaje na mako-mako masu ba da amsa nan take. Cikin shekara uku faɗuwa ta ragu da rabi, mai duba jarrabawa daga waje ya ambaci tsarin a rahotonsa, sashen kimiyyar sinadarai kuma ya ɗauka.” Aiki ɗaya ne, amma na biyun ne kaɗai mai tantancewa zai iya ɗora maki a kai.

Ga wanda ya taso inda ake cewa yabon kai jahilci ne, rubuta “na yi” sau hamsin abu ne mai nauyi a baki. Sai ka ga malami ya cika takarda da “muka yi”, “aka yi”, “sashenmu ya yi”. Kawaici ne mai kyau a zaman tare, amma a nan yana cin maki, domin mai tantancewa ba zai iya raba naka da na jama'a ba. Mafita ita ce a faɗi gaskiya daidai: inda aikin tawaga ne a ce na tawaga ne, sannan a fayyace wane ɓangare ka jagoranta. Yabon kuma a bar wa wasu su yi shi ta bakin hujja. Kai ka faɗi abin da ka yi, ɗalibai da alƙaluma su faɗi ko ya yi kyau.

Mai tantancewa ba lallai ɗan fanninka ba ne. Malamin aikin jinya na iya karanta takardar injiniya. A warware duk taƙaitattun sunaye a karon farko, a bayyana abin da ya sa wani abu yake da wuya a fanninka. Ambaton masana harkar koyarwa ya zama kaɗan kuma a wurin da ya dace, don nuna dalilin zaɓinka, ba don ado ba. Littattafanka na bincike a fanninka ba su da gurbi sai in sun shafi karatun ɗalibai kai tsaye. An kafa wannan lamba ne tun farko saboda bincike ya riga ya samu nasa lambobin.

Kada a maimaita misali ɗaya a ma'aunai biyu da kalmomi iri ɗaya. In aiki ɗaya ya shafi biyu, a raba fuskokinsa: abin da ya yi wa ɗalibanka a na farko, yadda wasu malamai suka ɗauka a na biyu.

Ƙa'idojin tsari ƙanana ne amma suna kayar da mutane. Kalmomin da ke cikin jadawali da kanun sassa da kalaman da aka ɗauko duk ana ƙirga su. Ba a sa adireshin intanet don a je a duba ƙarin hujja, ba a sa hotuna. Jadawali ɗaya mai nuna sakamakon shekara biyar kan yi aikin sakin layi biyu, don haka yana da riba in an tsara shi da kyau.

Mataki na biyar: wasiƙar goyon baya

Jami'a kan haɗa da wasiƙa mai kalma har 1,000 daga wani babban jami'i, da sa hannun shugabancin cibiyar. Kuskuren da aka saba shi ne a kwafe takardar mai nema a sauya “na” zuwa “ya”. Aikin wasiƙar shi ne ta tabbatar da abin da ka faɗa, ta kuma ƙara abin da kai ba za ka iya faɗa da bakinka ba: matsayinka idan aka kwatanta da sauran malamai, dokar jami'a da ta sauya saboda aikinka. Manyan jami'ai ba su da lokaci, saboda haka a kai musu daftarin takardarka da jerin hujjojin da ba su samu shiga ba aƙalla wata guda kafin ranar rufewa.

Akwai kuma ƙananan takardu: taƙaitaccen tarihinka da za a wallafa in ka yi nasara, hotuna, da fom ɗin bayanan daidaito, wato na jinsi, ƙabila da makamantansu. Ba a ba su maki, amma rashinsu na iya riƙe takarda a ranar ƙarshe.

Kafin a miƙa, a ba mutum biyu su karanta: wanda ya taɓa samun lambar ko ya taɓa tantancewa, da wanda bai san fanninka ba sam. A roƙi na biyun ya ja layi a duk inda ya tsaya ya ce “to, sai me ya faru?” Kowane layi gurbin hujja ne da ba a cike ba. Daftari huɗu ko biyar ba abin mamaki ba ne.

In aikin na tawaga ne

Idan ka zauna rubutu ka ga “muka yi” ta ƙi fita saboda gaskiyar ke nan, wataƙila lambar da ta dace da ku ita ce Collaborative Award for Teaching Excellence, a taƙaice CATE, wadda aka ƙirƙiro a 2016 don tawagogi. Kowace cibiya tawaga ɗaya take gabatarwa, ma'aunai biyu ne: yadda kuke aiki tare, da tasirin da haɗin kan ya yi. Tawagar da ta sa ɗalibai a cikinta a matsayin abokan aiki na gaske kan fi samun abin faɗa a ma'auni na farko.

Bayan sakamako

Masu tantancewa da yawa ne ke karanta kowace takarda, kowa shi kaɗai, sannan kwamitin ba da shawara ya duba jerin kafin a sanar. Wanda bai samu ba ana aiko masa da sharhin masu tantancewa a kan kowane ma'auni, kuma jami'arsa na iya sake gabatar da shi wata shekara. Da yawa daga cikin masu riƙe da lambar ba a karon farko suka samu ba. A karanta sharhin tare da jami'in TEAL, a ware abin da gyaran rubutu zai magance da abin da ke buƙatar sabuwar hujja. In sharhin ya ce ba a ga tasiri a wajen jami'a ba, sake jera kalmomi ba zai yi magani ba. A tsallake shekara guda, a kai aikin wasu cibiyoyi, a bi sawun abin da suka yi da shi, sannan a dawo.

Wanda ya koma Kanada ko Ostareliya da aiki kada ya zubar da jakar hujjojinsa. Lambar 3M ta Kanada, wadda aka fara a 1986 kuma mutum 10 ake ba a shekara, da lambobin koyarwa na jami'o'in Ostareliya da aka fara a 1997, kowacce da nata fom da nata ma'aunai, amma su ma alƙaluman kafin canji da na bayansa, da shaidar ɗalibai da ta abokan aiki, za su nema.